Panamera ko AMG mai ƙofa huɗu, wacce za ta iya zaman Damagaram?

Tunda hotunan sabuwar Porsche Panamera suka fara yawo a wayoyi gardama ta ƙi ƙarewa a fadarmu, wasu sun ce ita ce ƙarshen kyau a mota mai ƙofa huɗu, wasu sun ce ai ko kusa da Mercedes-AMG GT ba ta kai ba, kuma mafi yawan masu ɗaga murya ko kuɗin taya ɗaya ba mu da shi. Amma akwai masu shi a garin nan, kuma akwai wanda da gaske yake tambaya don da gaske zai saya, shi ya sa na ce bari in zuba abin da na sani a wuri ɗaya. Ra'ayina tun farko don kar in ja ku da nisa: in dai dole sai ɗaya daga cikin biyun, kuma a Damagaram za ta kwana ta tashi, to Panamera 4 mai ƙaramin inji V6 (silinda shida), wadda ba ta da batirin hybrid, wato ba mai haɗa esans da lantarki ba. Ba ita ta fi ƙarfi ba, ba ita ta fi sa mutane juyowa ba, amma ita ce za ta fi daɗewa tana tafiya da ƙafarta.

Irin waɗannan motoci ba su daɗe a duniya ba. Mercedes ce ta fara wannan yayi da motarta CLS a 2004, mota mai ƙofa huɗu amma rufinta ya zube ta baya kamar na mai ƙofa biyu, sai Porsche ta fito da Panamera a 2009 a Shanghai, Aston Martin ta biyo da Rapide a 2010 da inji V12, ita kam an daina yin ta a 2020. AMG GT mai ƙofa huɗu sai a Maris 2018 aka buɗe ta a baje kolin motoci na Janeba, kuma kowa ya san Panamera aka yi ta don ta kara da ita. Akwai Audi RS7 da BMW M8 Gran Coupe a wannan layi amma ba su ake gardama a kai ba, zan bar su.

Mu fara da kyau tunda a nan ake ta da jijiyar wuya. Masu zagin Panamera yawanci tsohuwar suke tunawa, ta 2009, kuma gaskiyarsu ne, bayanta ya tashi kamar tozon bijimi, ko a Turai an sha yi mata dariya. Labarin da ya shahara shi ne shugaban kamfanin na lokacin Wendelin Wiedeking dogon mutum ne, ya ce sai an yi rufin yadda zai zauna a kujerar baya kansa bai taɓa sama ba, masu zane suka bi umarni tozo ya fito. A 2016 suka gyara, ƙarni na biyu ya zo da baya mai zubin Porsche 911, shahararriyar motarsu mai ƙofa biyu, da fitila doguwa da ta ratsa daga gefe zuwa gefe. Wannan ta yanzu, ta uku, a Nuwamba 2023 aka nuna ta, a Shanghai kuma, kuma in ka ajiye ta kusa da ta 2016 sai ka ƙura ido kafin ka gane bambanci: an ƙara wata ƴar tagar iska a saman wurin lamba ta gaba, fitilun sun ɗan miƙe, gefunan sun ɗan yi kaifi. Masu cewa Porsche ta yi lalaci ba su yi ƙarya ba. Ni kuma ina ganin wannan lalacin riba ce ga mai saye, don motar da ba a canza mata fuska kowace shekara uku ba ta saurin tsufa a ido.

AMG kuwa fuska ce. Hancinta dogo, ya sunkuyo gaba, ga ragar nan mai sanduna a tsaye da suka ɗauko daga 300 SL da ta ci tseren Carrera Panamericana a Meziko a 1952, ga ƙaton tauraro a tsakiya, ga ƴan tuddai biyu a kan bonet. In tana tahowa a madubi sai ka ba ta hanya ko ba ta yi oda ba. Daga gaba babu gardama ta doke Panamera, ni ma na yarda. Amma zagaya ta baya ka gani, ta yi nauyi, ƙugun ya kumbura, fitilun sun yi siriri a jikin da ya fi ƙarfinsu, kuma dalili shi ne ba daga ƙashin AMG GT mai ƙofa biyu aka gina ta ba, ƙashin E-Class ne a ƙarƙashi aka ɗora masa rigar tsere. Panamera kuwa tun daga tushe a haka aka zana ta. To kyan AMG na fuska ne, kyan Panamera na gefe da baya ne, sai ka zaɓi ta inda kake so a kalle ka.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a jaridun Turawa amma a nan shi ne rabin ciniki: tauraron Mercedes kowa ya san shi, daga yaron da ke tallar ruwa a Kasuwar Dole har tsohuwa a cikin Birni, an gan shi an san Alhaji ya iso. Tambarin Porsche mai doki sai ƴan boko da yaran da ke buga wasan mota a waya. In don a gani za ka saya, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya faɗi haka, AMG ta fi biyan bukata, wanda bai sani ba zai iya ɗaukar Panamera wata ƙatuwar Hyundai ce, wallahi.

Yanzu mu shiga ciki, don kyan rufi mai zubewa akwai wanda ke biyan kuɗinsa, wato na kujerar baya. Ka ɗauki mutum da babbar riga ta sha aiki da doguwar hula a kai zai je ɗaurin aure. A AMG bakin ƙofar baya gajere ne ta sama, sai ya duƙa ya karkata wuya, hular ta daki rufi ta faɗo kan cinya, sannan ya tattaro hannun riga kafin a rufe ƙofa, yana zaune kuma tagar ƙarama ce, wuri ya yi duhu. A Panamera ma sai ya duƙa, duk biyun ƙasa-ƙasa suke, amma in ya zauna akwai sarari a saman kai, gadon wancan tozon da ake zagi ke nan. Mai rawani kam kada ma ya fara, ko wacce. Panamera a asali kujera huɗu ce, in kana son ta biyar a tsakiya sai ka biya, ita ma ta yaro ce. AMG ana iya samunta da huɗu ko biyar. In direba zai riƙa ja kai kana baya, akwai Panamera Executive da aka ƙara wa tsawon santimita 15, amma in haka ne gaskiya S-Class kake nema ba ka sani ba.

Wani ƙaramin abu da ya dame ni: gilashin ƙofofin AMG ba shi da firam, in ka buɗe ƙofa gilashi ne tsirara a sama, yana ɗan sauka da kansa in an buɗe ya koma in an rufe, yana matse jikin roba. Yana da kyau sosai a hoto. Amma ka tuna hunturun garin nan, ƙurar da ke shiga ko cikin akwatin da aka kulle, ka tuna ranar Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 tana busar da roba, in robar nan ta yi tauri iska za ta fara fito a kunnenka a kan hanyar Maraɗi, ƙura kuma ta riƙa kwanciya a kan fatar kujera. Ƙofofin Panamera da firam ɗinsu kamar na kowace mota, ba burgewa amma sun fi rufuwa.

Gaban direba kuwa kowa da halinsa. AMG ta jera allo biyu masu inci 12.3 a haɗe, ramukan kilim masu zagaye da ke kama launi da dare, da wani faffaɗan teburi a tsakiya mai maɓallai takwas, sandar giya an tura ta can baya sai ka lanƙwasa gwiwar hannu kafin ka kamo ta. Ado ne na 2018, yana da hayaniya, matasa na son sa. Panamera sabuwa ta fi natsuwa, allon direba mai lanƙwasa inci 12.6, giya ta koma ɗan ƙaramin maɓalli kusa da sitiyari, wurin tayar da inji a hagu kamar yadda Porsche ta saba. Abin da ban so ba shi ne ramukan kilim da ake juya su ta cikin allo, wato kana tuƙi zufa na zuba sai ka shiga lalube a allo don iska ta bugi fuskarka, wanda ya zana wannan bai taɓa shiga motar da ta wuni a rana a Zango ba.

Sai inji, inda ƴan AMG ke samun bakin magana. AMG GT 63 S tana da V8 (silinda takwas) lita 4.0 mai turbo biyu, ƙarfin doki 639, daga tsaye zuwa gudun 100 a daƙiƙa 3.2, ƙarshen gudunta 315, kuma kowane injin V8 mutum ɗaya ne ke haɗa shi da hannunsa a masana'antar AMG da ke Affalterbach a Jamus ya manna sunansa a kai, wannan abu yana da daɗin nunawa in an ɗaga bonet. Wadda ta fi ta, E Performance ta 2021, an ƙara mata injin lantarki a baya ta kai doki 843. Akwai ƙananan, GT 43 mai doki 367 da GT 53 mai 435, su silinda shida ne a jere lita 3.0. Panamera ta ƙasa V6 ce lita 2.9, doki 353, Panamera 4 mai jan ƙafa huɗu tana kai 100 a daƙiƙa 4.8, GTS mai V8 doki 500, Turbo E-Hybrid doki 680, sai Turbo S E-Hybrid da ta fito a 2024 mai 782. A filin tsere na Nürburgring a Jamus babbar Panamera ta zagaya a minti 7 da daƙiƙa 24, GT 63 S ta yi a minti 7 da daƙiƙa 27 da ɗoriya, kuma na ga mutane sun kusa ba hammata iska a kan wannan daƙiƙa uku.

To ina za ka taka 315? Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne a kan babbar hanyar RN1, ga ƙauye bayan ƙauye, ga tudun rage gudu a bakin kowane gari, ga amalanken shanu, ga awaki, ga kabu-kabu da ke fitowa daga lungu ba ya duba ko'ina, ga manyan kamiyo. Doki 353 ma ya fi ƙarfin hanyar nesa ba kusa ba, abin da kake bukata shi ne ka wuce tirela biyu a jere cikin ƙiftawar ido kafin wata ta ɓullo, kuma V6 ɗin na yin haka cikin sauƙi. Abu ɗaya da ba zan ɓoye ba, ƙarar V8 ɗin AMG babu irinta, in aka tayar da ita da safe tana gurnani har a ƙirji kake ji, V6 ɗin Porsche kusa da ita kamar ba a kunna ba. In ƙarar kake so ka biya ta da saninka.

Kuɗi yanzu. Lokacin da sabuwar Panamera ta fito a Jamus ta ƙasa ta fara daga kusan yuro 108,000, Turbo E-Hybrid kuma sama da 190,000. Tunda sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, lissafin ba wuya, ta ƙasa wajen miliyan 71, babbar wajen miliyan 126. GT 63 S a 2018 ta fara a kusan yuro 167,000, wajen miliyan 110 ke nan, E Performance kuma ta kusa 200,000, ka ce miliyan 130. Masu cewa Porsche ta fi tsada da masu cewa AMG ta fi tsada duk suna da gaskiya don ba abu ɗaya suke aunawa ba, wannan ya ɗauko V6 wancan ya ɗauko V8. In ka jera babba da babba kusan kunnen doki ne. Bambancin gaske shi ne daga ƙaramar Panamera zuwa babbar akwai tazarar sama da miliyan 50, kuɗin wata sabuwar katkat sukutum, a kan ƙarfin da ba ka da inda za ka kai shi.

Amma kada farashin farko ya ruɗe ka, musamman na Porsche, don su gwanaye ne wajen sayar maka da mota sannan su sayar maka da kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya. Kujera mai hura sanyi, kuɗi. Kilim na kujerun baya da na baya zai saita da kansa, kuɗi. Ƙafafun baya masu juyawa don ta iya kwana a lungu, kuɗi, alhali a AMG mai V8 da su take zuwa, kuma mota mai tsawon sama da mita biyar tana bukatarsu a garin da titunan tsohuwar unguwa ba don mota aka yi su ba. Kafin ka gama danna abin da kake so miliyan 10 ko 15 sun hau kai ba ka ankara ba. Shawarata, ka biya na sanyi duka, ka biya na ƙafar baya, ka ƙyale rufin gilashi don tanda ce a nan, ka ƙyale baƙar fata a kujera, ka ƙyale birkin seramik mai cin kusan miliyan 6 wanda tsakuwa ɗaya in ta shiga ta ɓantare faifan ba a gyarawa sai sabo.

Sannan shigowa da ita. Farashin Jamus da harajin TVA 19 cikin ɗari a ciki, in za a fitar da motar waje ana cire shi, ƙaramar Panamera ta sauko wajen miliyan 59, wasu su yi ta murna a nan. Sai dai TVA ta Nijar ita ma 19 cikin ɗari ce, abin da ka tsira da shi can yana jiranka a nan, ga kuɗin duwan a kai, ga jirgin ruwa, ga asurans na hanya, ga ɗan taranzi. Ni in ina lissafi sai in ɗora rabin kuɗin motar a sama don kar a zo a tsaya ana kallon juna. Hanya ma ta canza, tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Benin kayan da suka saba bi ta Kwatano da Gaya suka koma ta Lome su ratsa Burkina cikin ayari da rakiyar soja, lokaci ya ƙaru kuɗi ya ƙaru. Kuma irin wannan mota ba a ba yaro ya tuƙo ta, cikin kwantena za ta zo ko a bayan babbar mota a ɗaure, har ƙofar gida.

Ƙofar gidan ma sai an duba ta. Tsakanin cikin Panamera da ƙasa kusan santimita 13 ne, Land Cruiser tana da sama da 20. Yawancin gidajen garin nan an ɗaga dakalin shiga saboda ruwan damina, hawa ne gajere mai tsini, katkat ba ta ma san da shi ba, amma wannan in ta sa hanci sai ka ji ƙuuu a ƙasan bamba, in gaba ta tsira ciki ya zauna a kan tsinin, tayoyi na gaba a cikin gida na baya a waje. Sai an fasa an sake zuba siminti mai doguwar gangara, ka sa wannan a lissafi tun kafin mota ta iso. Duk sabuwar Panamera a kan balan-balan na iska take, da maɓallin ɗaga ta in za a hau tudu, AMG mai V8 ma haka. Porsche ta kawo wani sabon abu wai Active Ride, famfo a kowace ƙafa yana danne rami da tudu, har in ka buɗe ƙofa motar ta yi tsalle sama da santimita 5.5 don ka shiga da sauƙi, abin sha'awa ne ƙwarai, amma sai a masu hybrid kaɗai ake samunsa don da wutar babban batiri yake aiki, kuma ranar da famfo ɗaya ya tsaya ba a Damagaram za a tashe shi ba, ba a Yamai ba ma.

Taya ita ce za ta fara sa ka kuka. Ƴan gayu na son ƙafa inci 21 mai siririyar roba, rami ɗaya mai kaifin baki a gudun 120 ya isa ya fasa tayar ya lanƙwasa ƙarfen, kuma duk biyun ba sa zuwa da safaya, ɗan famfo ne da kwalbar gam, ga tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, wato ko ajiya za ka yi sai ka ajiye iri biyu. Ƙaramar Panamera ana samunta da inci 19 mai ɗan kaurin roba, wannan ma wani dalili ne da ya sa na zaɓe ta. Manyan Turbo kuma akwai masu goro ɗaya tal a tsakiyar ƙafa irin na motar tsere, wanda sai da wani dogon makulli na musamman ake kwance shi, ka kai wa mai faci a bakin tasha ka ga yadda zai tsaya yana kallonka. Hanyar Tanut zuwa Agadas kam a cire ta a lissafi baki ɗaya. Da damina ma a yi hankali, wanda ya ga ruwan 2024 da ya kai har tsohon masallacin Birni ya rushe ya san yadda tituna ke zama, injin da ke shaƙar iska daga ƙasa in ya kurɓi ruwa sau ɗaya ya gama aiki.

Mai kuma fa. Muna da matatar SORAZ a nan arewa da gari tun 2011 mai tace ganga 20,000 a rana, amma a gidan mai esans iri ɗaya ne, ba a tambayarka 95 kake so ko 98, alhali injinan nan 98 masu su suka ce a ba su. Kwamfutar injin tana iya ja da baya ta rage ƙarfi don kar ya yi ƙwanƙwasa, amma injin da aka matse don ya fitar da doki 639, a zafin digiri 43 da kilim a ƙure, ya fi shiga wahala a kan wanda ba a matse shi sosai ba. Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa kuwa ko a mafarki, allurar man waɗannan injina ba ta yafe datti.

Hybrid ɗin ma kada a haɗa su, ba abu ɗaya suke yi ba. Na Panamera batiri ne babba, 25.9 kWh, yana iya kai ka kusan kilomita 90 ba a kunna inji ba a gwajin Turai, wato zirga-zirgar cikin gari duka da wuta, kuma yana cika cikin ƙasa da awa uku in gidanka na da layin da zai ba da 11 kW. Na AMG ƙarami ne, 6.1 kWh, kilomita 12 kacal, don ƙarin ƙarfi aka sa shi ba don tsimin mai ba, ya kuma cinye but ɗin baya ya bar ƙasa da lita 350, alhali Panamera marar batiri tana da kusan 490. A takarda na Porsche ya fi hankali. Amma wutarmu ta yankin nan daga Najeriya ake jawo mafi yawanta, kowa ya tuna yadda aka yi da aka yanke ta a Agusta 2023, ga hawa da saukar kuran da ke ƙona firji balle caja, ga zafi wanda shi ne babban maƙiyin batiri, ga nauyi don duk biyun sun kusa tan biyu da rabi. Mai sola babba a gida da zai iya ware mata layi, to, ya gwada. Sauran mu a'a.

Inda AMG ta fi ƙarfi da gaske shi ne gyara, kuma wannan ne kaɗai ke sa ni ɗan jinkiri a zaɓina. Mercedes ta daɗe a ƙasar Hausa, Kano na nan kusan kilomita 240 ta Matamai, akwai makanikai masu na'urar Xentry da ke karanta ciwon motar, akwai kasuwar kayan gyaran mota ta Kofar Ruwa, kuma da yake ƙashin E-Class ne wasu ƙananan kaya suna shiga. Porsche na'urarta daban, PIWIS, masu ita ba su da yawa, babu wakilin kamfanin a Nijar, cibiyarsu da aka sani a kusa ita ce ta Legas da aka buɗe a 2012 a Victoria Island. Sai dai kada wannan ya sa ka saki jiki, sanin C-Class da E-Class daban, buɗe V8 mai turbo biyu a tsakiyar inji daban, wanda ya iya na farko ba lallai ya iya na biyu ba kuma ba zai ce maka bai iya ba. Ita kuma Panamera V6 ɗinta ɗan gida ɗaya ne da na Audi da Cayenne da Macan, don haka filta da filogi da irinsu ba su kai wuyar da ake zato ba, a Dubai ana samu a turo. Duk wadda ka saya, kafin ta iso ka riga ka san sunan wanda zai riƙa duba ta, ka kuma sayo filtar iska da yawa don a nan ba a jiran kilomitan da littafi ya ce, ka riƙa sa yaro yana leƙa ramukan bamba yana ciro leda da kara daga jikin lagireto.

Wani abu da mai sayen sabuwa ya kamata ya sani, AMG ɗin nan ta tsufa a kasuwa, zanen 2018 ne, kuma a Yuni 2025 kamfanin ya nuna Concept AMG GT XX mai lantarki zalla a matsayin alamar inda mai ƙofa huɗun ta dosa. Wato biyan miliyan ɗari da wani abu a kan sabuwa fil ba dabara ba ce. In zuciyarka ta kafe a kan tauraro da gurnani, nemi ta hannu, don irin waɗannan motoci suna zubar da daraja da sauri a shekarun farko, GT 53 in kana da hankali, GT 63 in ba ka jin magana, kuma ka fi karkata ga wadda aka yi don ƙasashen Larabawa saboda ta saba da zafi. Ka guji ta gwanjon Amurka mai arha fiye da kima, yawanci ko ta yi hatsari ko ta sha ruwa, ka karɓi lambar shasi ka bincika tarihinta kafin ka tura ko dala.

Wanda wannan ce za ta zama motarsa tilo, ko yana da gona a Mirya ko harka a Magarya da zai riƙa sauka daga gudron, duk biyun ba nasa ba ne, ya ɗauki Cayenne ko GLE in yana son sunan, ko ya koma Land Cruiser 300 kamar kowa. Wanda kuma yake da katkat a gida, yana son ta Juma'a da biki da tafiyar Maraɗi ko Kano, kuma shi zai riƙa ja da kansa da iyali a baya, Panamera 4, V6, ƙafa inci 19 ko 20, fara ko ruwan azurfa, kujera mai haske mai hura sanyi, rufin ƙarfe, sannan ya ware miliyan 10 a gefe da ba zai taɓa ba sai ranar taya da balan-balan.